Gonar Itace ta Gado: Mu Sare da Kanmu ko Mu Ba Ɗan Kwangila?

"Assalamu alaikum, Malam. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana gona a yankin Saminaka, kusan kadada 2, wadda ya dasa wa turare da malaina sama da shekara 20 da suka wuce. A gefenta akwai tsofaffin madaci guda 5 da ɗorawa da kaɗanya waɗanda muka taso muka tarar. Yanzu wani mai harkar katako ya yi mana tayin kuɗi a dunƙule, ya ce zai share komai cikin mako 2. Ƙanena kuma ya ce wannan asara ce, gara mu sayi injin yanka mu yi da kanmu mu kai kasuwa. Ni malamin makaranta ne a Zariya, ban taɓa riƙe injin ba. Wanne ya fi mana?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa abin da ya dasa ya zame masa sadaka mai gudana.

Idan na fahimce ka da kyau, Malam, hanyoyi biyu aka ajiye a gabanka. Ta farko ku karɓi kuɗi a hannu, ku juya baya, bayan mako 2 ku dawo ku tarar da fili. Ta biyu ku haɗa kuɗi ku sayi inji, ku sare, ku yanka, ku ɗora a mota, ribar da ɗan kwangila zai ci ta dawo gida. Na daɗe ina aikin gandun daji, na tsaya a kan irin wannan ciniki a madadin hukuma, na kuma tsaya a madadin masu gona, kuma shawarata ita ce kada ka ɗauki ko ɗaya daga cikin biyun yadda aka kawo maka ita. Ƙanenka ya yi gaskiya da ya ce tayin dunƙule yakan zama asara. Sai dai maganin da ya kawo zai iya jawo asarar da ta fi ta kuɗi ciwo.

Aikin nan da ake gani guda ɗaya, uku ne aka cure wuri ɗaya. Akwai sanin abin da ke tsaye a gonar da zaɓen wanda za a kayar. Akwai kayarwar da yankan. Akwai fitar da kaya zuwa kasuwa. Na farko naku ne ku magada, ba a damƙa shi a hannun mai saye ko da ɗan'uwa ne. Na biyu na masu sana'ar ne. Na uku ne kaɗai ake zama a buga lissafi a ga wa ya fi dacewa ya ɗauka.

Magada da hukuma tukuna

Ka ce "ya bar mana". To, itacen nan dukiyar gado ce kamar ƙasar da yake tsaye a kai. Muddin ba a raba ba, kowane magaji yana da haƙƙi a jikin kowace bishiya, har da 'yan'uwanku mata da ke gidajen aurensu, da iyayenku mata in suna raye, da marayu in akwai. Masu sayen itace sun fi son su sami mutum ɗaya su danƙa masa kafin alƙalami da wuri, domin da zarar kuɗi ya shiga hannun babban wa, kunya takan rufe bakin sauran. Rigimar sai ta tashi bayan an kwashe kaya, lokacin da babu abin nuna wa alƙali sai kututture. Ku zauna kowa ya ji, a rubuta wanda aka wakilta da abin da aka wakilta shi ya yi.

Sai hukuma. Mutane da yawa suna ɗauka tunda gonarsu ce babu mai tambayarsu. A Najeriya harkar daji a hannun jihohi take, kowace jiha da dokarta da jadawalin kuɗinta, kuma akwai itatuwan da ba a kayarwa sai da izini ko da a tsakiyar gonar mutum suke. Madaci da ɗorawa da kaɗanya galibi suna cikin wannan jeri. Abin da mutum ya dasa da hannunsa, irin turare da malaina, ya fi sauƙi, amma shi ma motar da ta ɗauko shi za a tare ta a hanya a nemi takarda. Ga shi a 'yan shekarun nan jihohin Arewa da dama sun fitar da sanarwar hana sare itace barkatai da ƙona gawayi, ma'aikata sun ƙara sa ido. Ka taka da ƙafarka zuwa ofishin gandun daji na ƙaramar hukumar Lere, ka nemi malamin daji ya zo ya ga gonar, ya faɗa maka abin da ake biya, ka karɓi rasit na gwamnati. Ka sanar da dagaci. Idan ɗan kwangila ya ce maka ka bar masa maganar takarda ya san mutanen, ka ce ya nuna maka takardar kafin inji ya tashi. Ran da aka zo kame, shi ya riga ya yi gaba da motarsa, mai gona ake samu.

Ƙidaya

Ban taɓa ganin mai sayen itace ya yi tayi bai zagaya gonar ba. Yakan shiga da yaronsa, ya rungumi wannan, ya ɗaga kai ya dubi wancan, kafin ya fito ya riga ya san motoci nawa zai cika. Mai gona kaɗai ke yin cinikin biri a sama, kuma da kayansa. Malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun yi magana a kan sayar da kaya a dunƙule ba tare da awo ba, cikin sharuɗɗan da suka gindaya har da cewa kada ɗaya ya san adadin alhali ɗayan bai sani ba. Ka tambayi malaminku ya faɗaɗa maka, fagensa ne. Ni dai ta fuskar kasuwa na ga cewa wannan sharaɗin shi ne garkuwar mai gona.

Ƙidayar ba ta da wuya. Tef ɗin tela, fenti, littafi, da yara biyu masu taimako. Ku bi layi-layi ku auna kewayen kowace bishiya a daidai ƙirji, wato mita 1.3 daga ƙasa. Ku rubuta mata lamba a jiki da fenti, a littafi kuma ku rubuta lambar, da irin itacen, da kaurinsa, da kimanin tsawon gangar da ta miƙe kafin reshen farko. Idan mahaifinku ya dasa a tazarar mita 3 kuma ba a taɓa ragewa ba, kadada 2 tana iya ɗaukar bishiya sama da 2,000, ko da yake a shekara 20 da yawa sun mutu ko an sace. In sun yi yawa haka, ku ƙirga duka amma ku auna layi ɗaya cikin kowane 10. Hutun ƙarshen mako ɗaya ko biyu ya ishe ku.

Ga yadda ake juya kauri ya koma katako, tunda kai malami ne lissafin ba zai ba ka wahala ba. A ce gungume mai tsawon ƙafa 12, wato kusan mita 3.6, kewayensa a tsakiya mita 1.5. Ka ninka 1.5 sau 1.5, ka raba da 12.6, ka ninka da tsawon. Zai ba ka kusan kubik mita 0.64. Katako tu-bai-fo (mai kaurin inci 2 da faɗin inci 4) guda ɗaya mai ƙafa 12 kusan kubik mita 0.018 ne. A takarda ke nan gungumen ya ƙunshi guda 35. A zahiri ba za ka samu ba, domin gungume kewayayye ne, katako kuma mai kusurwa huɗu. Ɓawo da gefe za su tafi, haƙoran inji su ci nasu. In da injin hannu aka yanka a cikin daji, wajen kashi ɗaya cikin uku ake sa rai, kimanin guda 12. In aka kai gungumen injin zarto na kasuwa mai siririn baki, ana iya kusantar rabi, 17 ko 18. Dalili kuwa shi ne sarƙar injin hannu tana cinye kusan santimita 1 a kowane yanka ta mayar da shi gari, zarton kasuwa kuma cinsa bai fi milimita 3 ba, ga shi yana tafiya a miƙe, ba ya bin rawar hannu. Ka ninka wannan bambancin na katako 5 ko 6 da yawan gumaguman gonarku, za ka ga dukiyar da ke zubewa a ƙasa. Irin wannan ɓarna na cikin dalilan da suka sa Gana ta haramta yanka katakon sayarwa da injin hannu tun 1998, ko da yake har yau shi ke cika kasuwanninsu na cikin gida. Ba kowane lokaci ba ne kai gungume kasuwa ke biya, domin ɗanyen gungume nauyi gare shi, kuɗin mota na iya cinye abin da aka tsira da shi. Amma a san da lissafin kafin a zaɓa.

Daga nan ka je ka ji farashi da kunnenka. 'Yan katako na Sabon Garin Zariya suna kusa da kai, ga Panteka a Kaduna, ga kasuwar Katako a Jos, ga Na'ibawa a Kano. Kada ka tambayi nawa suke sayarwa. Ka tambayi nawa suke saye idan an sauke musu kaya a ƙofar rumfa. Tsakanin farashin biyu akwai rata, kuma yawancin masu cewa mu yi da kanmu da farashin farko suke buga lissafinsu.

Ka kuma sani turare da malaina ba kasuwa ɗaya suke ci ba. Malaina fara ce, ba nauyi in ta bushe, tana yankuwa da daɗi, kafintoci suna sonta, kuma kaurinta shi ne kuɗinta. Turare kuwa da zarar ya faɗi yakan fara tsagewa daga baki, katakonsa na murɗewa yayin bushewa, sai wanda ya san halinsa. Kasuwarsa mai tabbas ita ce ta sanduna: masu gini da ke tokare rufin kankare, masu kafa rumfa da shinge, sai masu gidan burodi da masu sayar da itacen girki su kwashe sauran. A gonar da ta shekara 20 manyan sun wuce girman sanda, sai dai yanka. Siraran da inuwa ta danne su ne sandunan. Mai katako yakan yi tayi kamar ganga kaɗai yake saye, rassa da kawuna ba komai ba ne, bayan ya gama ya kira masu itacen girki ya sake cin kuɗi a kansu. Wannan kuɗi na biyu naku ne in kun ambace shi tun farko.

Injin da ƙanenka ke son saya

Mu fara da kuɗi. Sayen injin shi ne ƙaramin abu. Ofaretoci, wato masu sana'ar yanka da inji, da yawa a ƙasar nan injin Stihl 070 suke ɗauka, kasuwa kuma cike take da na jabu masu kama da shi, wanda bai sani ba da wuya ya bambance. Bayan inji akwai fetur, da man da ake gauraya masa, da man sarƙa, da sarƙar kanta, da magagarin wasa haƙora, da gyara. Akwai 'yan ɗauko da za su fito da katako a ka zuwa bakin hanya, da 'yan lodi, da mota, da abin da ake biya a shingaye. Akwai lokacinka, kai da ke da aji a Zariya. Inji don aikin kadada 2 kaɗai ba ya mayar da kuɗinsa, sai in mutum ya ƙudura cewa sana'arsa ke nan daga yau. Sabon hannu kuma yakan ɓata katako: wannan ya fi kauri a gefe ɗaya, wancan ya karkace, a kasuwa a ware su a karya musu farashi.

Amma ba kuɗin ne ya sa nake hana ku ba. Sarƙar injin nan tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa ɗaya. Idan saman hancin takobinsa, wato ƙarfen da sarƙar ke zagayawa a kai, ya taɓa itace ba shiri, injin yakan yi tsalle ya nufo fuska ko kafaɗa kafin hannu ya iya yin komai. Duk da haka bishiyar ta fi sarƙar kisa. Turaren shekara 20 yana iya haura mita 20, kuma kubik mita ɗaya na ɗanyensa ya kusa tan 1. A gonar da aka dasa a cushe, bishiya ba ta samun wurin faɗuwa, sai ta rataye a jikin 'yar'uwarta. Wadda ta karkata tana iya tsagewa daga gindi zuwa sama tun ba a gama yanka ba, rabin gangar ya harbo baya daidai inda mutum yake tsaye. Busasshen reshe yana iya saukowa daga sama saboda girgizar inji, ƙarar kuma ta hana a ji. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tana lissafa aikin daji cikin sana'o'in da suka fi kowanne haɗari, alhali da masu horo da kayan kariya ake yi a ƙasashe da yawa.

Na taɓa zuwa ta'aziyyar wani saurayi da bishiya ta rataye masa, ya ga hanya mafi sauƙi ita ce ya sare wadda ta tare ta. Duka biyun suka sauko lokaci ɗaya. Yaro ne mai ƙarfi da hankali, abin da ya rasa kawai wanda zai gaya masa ba a yin haka. Kafin a fito da shi daga daji a sami mota, rai ya yi halinsa. Ina roƙonka, Malam, kada ka bari ƙanenka ya koyi wannan aiki a kan manyan itatuwa, shi kaɗai, don kawai gonar tasu ce.

In da gaske yana son sana'ar, ƙofa a buɗe take. Ya bi ƙwararren ofareta na tsawon rani ɗaya yana ɗaukar masa mai, yana wasa haƙora, yana kallo. Ya leƙa Kwalejin Tarayya ta aikin daji da injuna da ke Afaka a Kaduna ya tambayi irin horon da suke bayarwa. Ya sayi hular kwano, da takalmi mai ƙarfe a baki, da abin toshe kunne, da wandon kariya kafin ya sayi injin. A yanzu dai akwai aiki mai yawa da zai yi ba tare da inji ba: siraran sanduna da gatari ko zarton hannu, daddatsa rassa, jera katako, kuma mafi muhimmanci, tsayuwa a bakin gona da littafi yana ƙirga abin da ke fita.

Yadda ake gane ofareta ba a bakinsa ba ne. Ka ce ya kai ka inda ya yi aiki a baya, ka dubi kututturan. Ƙwararre yakan buɗe baki ta gefen da yake son bishiyar ta faɗi, zurfinsa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin, sa'an nan ya yanko ta baya, ɗan sama kaɗan, ya bar tsiri a tsakani da bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Wannan tsirin shi ke riƙe bishiyar yana jagorantar ta har ƙasa. In ka ga kututture an yanke shi fal babu tsiri, ko ya yage da dogayen tsaga, ka nemi wani. Ka lura kuma ko yana share wa kansa hanyar gudu ta baya a karkace kafin ya fara, ko yana korar mutane su yi nisan tsawon bishiya biyu. Wanda ke barin yara suna kallo a kusa ba ofareta ba ne.

Irin cinikin da za a ƙulla

Kowane tsarin biya yana koya wa mai aiki wani hali, nan ne ya kamata ka yi tunani. Wanda ya saya a dunƙule zai fara da manya masu kyau, ya kayar da su a kan ƙanana ba ruwansa, ya shigo da mota ta inda ya ga dama. Mako 2 ɗin da ya faɗa yakan koma wata 4, domin ya mai da gonarku wurin ajiyarsa, sai kasuwa ta yi kyau ya zo ya ɗiba. Ofaretan da ake biya a kan kowane katako zai yi sauri, ya ɗebi tsakiyar gungume mai sauƙi ya bar sauran, sai an tsaya a kansa. Tsarin raba kaya, kashi kaza naka kashi kaza nasa, yana da kyau a baki, amma sai in idonka na wurin lokacin rabon, in ba haka ba karkatattun ne za su zama rabonka.

Ga wanda yake nesa kamar kai, abin da na fi gani yana fitar da mutane lafiya shi ne a sayar da itacen a tsaye, amma a ƙirge, da lamba, kowane rukunin kauri da farashinsa. Ka kira masu saye aƙalla 3, kowa ya zagaya daban, ya faɗi nasa. Ba cin fuska ba ne ga wanda ya fara zuwa. In tayinsa na gaskiya ne zai tsaya. Kafin nan kuma ina ba ku shawarar gwaji. Ku ɗauki ofareta na kirki ya kayar da malaina guda 10 matsakaita, ya yanka, ƙanenka ya bi kayan har kasuwa, ya rubuta kowace naira da ta fita da wadda ta shigo. Abin da ya rage a raba 10, shi ne darajar bishiya ɗaya in kun yi da kanku. Da wannan lamba za ku auna kowane tayi. Idan mai saye ya zo kusa da ita, ku ba shi, domin shi zai ɗauki wahalar hanya da faɗuwar kasuwa, kuma yana da haƙƙin cin ribar jarinsa. Idan ratar ta yi yawa, kuma ƙanenka yana zaune a gida yana da lokaci, sai ku ci gaba da ɗaukar ofareta kuna sayarwa da kanku. Gwajin nan zai kashe gardama tsakaninka da ƙanenka fiye da duk abin da zan faɗa.

Duk wanda kuka zaɓa, a rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, don haka kada kowa ya ce maka rubutu rashin yarda ne. Takardar ta faɗi lambobin itatuwan da aka sayar, ta ce duk wanda ba shi da fenti ba ya cikin ciniki, in an kayar da shi ga tarar da za a biya. Ta ce mota ba ta barin gona sai an biya kuɗin abin da ke kanta. Wannan sharaɗin kada ka sassauta shi, domin mafi yawan kukan da na ji daga masu gona iri ɗaya ne: an ba su kafin alƙalami, an kwashe kaya, cikon ya zama sai gobe sai jibi. Ta faɗi hanyar da mota za ta bi, da wanda zai biya in an ɓata amfanin maƙwabci ko wuta ta tashi, da cewa raunin ma'aikatansa a wuyansa yake. Ta faɗi na wa ne rassa. Ta sa ranar gamawa, bayanta abin da ya saura a gona ya koma naku. Dagaci da shaidu biyu su sa hannu.

Madacin nan biyar

Ina kyautata zaton su ne suka kawo mutumin gonarku, turare da malaina rakiya suka yi. Katakon madaci ja ne mai daraja, na ƙofa da kujera da gado, kuma irin waɗanda kuka taso kuka tarar ba a samar da su a rayuwar mutum ɗaya. Ku cire su daga wannan ciniki gaba ɗaya. Haka ɗorawa da kaɗanya. Katakonsu bai kai abin da suke bayarwa a tsaye ba: kalwar daddawa da garin ɗorawa da man kaɗe duk shekara, kuma yawanci abin hannun matan gida ne, waɗanda ba a cika tambayarsu ba ran da ake ciniki.

Mun ga abin da ya faru da madobiya a Taraba. Shekarun da 'yan kasuwar Sin suka buɗe mata baki, aka yi ta kwasa daga dazukan Bali da Gashaka ana tarawa a irin su Garba Chede, tirela bayan tirela zuwa tashar jirgin ruwa ta Legas. Masu ƙasa sun karɓi ɗan abin da aka ba su, dillalai suka yi arziki, itacen ya yi ƙaranci. Daga farkon 2017 aka sa madobiya cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido a cinikin ƙasa da ƙasa, a 2018 aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya, a 2022 kuma madaci da kawo na Afirka suka shiga jerin. Wannan doka ta fitarwa waje ce, ba ta shafi kafintan Saminaka ba, amma tana nuna maka inda aka dosa: madaci ƙara wuya yake yi, wanda ke da shi a tsaye ba ya asara in ya jira. In wata larura ta tilasta a sayar da ɗaya, a yi cinikinsa shi kaɗai da farashinsa, da izinin hukuma, a buga gangar da bayan gatari a ji ko akwai kogo, a kuma dasa wasu a damina mai zuwa.

Toho da lokacin sara

Kalmar "share komai" da mutumin ya faɗa ita ma ban yarda da ita ba. Turare da malaina duka suna toho daga kututture, wato mahaifinku gonar da ake girba sau da yawa ya bar muku. Ku kasa ta huɗu ko biyar, ku sare kashi ɗaya bana, ku ga yadda mai aikin ya yi kafin ku ba shi na gaba. A yanke ƙasa-ƙasa, santimita 10 zuwa 15, a ɗan karkace don ruwa ya zurare, kada a saɓule ɓawon, kada a tara rassa a kai, kada a cinna wuta. Toho zai fito da yawa. Bayan shekara guda a rage a bar 2 ko 3 masu ƙarfi. Cikin shekara 5 zuwa 7 turaren ya zama sanduna miƙaƙƙu, daidai girman da magina ke nema, kuma daidai girman da ku da kanku za ku iya sarewa ba haɗari mai yawa. A nan ne shawarar ƙanenka za ta yi aiki. Tohon malaina shanu da awaki suna cinsa, sai an tsare shi shekarar farko, kuma a share hanyar tare wutar daji a kewaye da gonar kowace kaka. 'Yan'uwanmu manoman Maraɗi da Damagaram da wannan dabara ta renon toho suka mayar da itace a gonaki miliyoyin kadada, suna sarar reshe suna barin uwa.

Lokaci kuma rani ne, bayan an kwashe masara ƙasa ta yi tauri. Ni na fi son a matsa zuwa bazara, yadda tohon zai tarar da ruwa yana ƙarami. Da damina mota za ta kafe, ta dagargaza ƙasa, katako ya yi baƙin tabo. Wanda aka yanka a jera shi a inuwa, sama da ƙasa saboda gara, da 'yan sanduna tsakanin kowane layi don iska ta ratsa.

Duk wannan na faɗa ne ban ga gonar ba. In wutar daji ta sha bi ta ciki, ko gara ta cinye gindin malainar, darajar za ta sauka ƙasa da yadda ido ke gani daga waje. In gonar tana nesa da hanyar mota, ko yankin ba lafiya ta fuskar tsaro har ofareta ba zai yarda ya yi kwanaki a ciki ba, tayin mai saye zai ragu kuma da hujjarsa. In kuma akwai bashin mamaci ko rashin lafiya da ke buƙatar kuɗi yanzu, sayarwa lokaci ɗaya ba laifi ba ce, muddin an ƙirga an kuma ji bakin mutum fiye da ɗaya.

Ka ce wa mai tayin ya ba ku wata guda. Itace a tsaye ba ya lalacewa don an jira wata ɗaya, kauri ma yake ƙarawa. In kun gama ƙidayar, ka turo mini adadin kowane iri da kaurinsu da farashin da ka jiyo a kasuwa, mu buga lissafin tare kafin ku zauna da shi.